Talata, ranar ganin likitan lantarkin zuciya

Tun da asuba na haɗa takardun cikin jaka ɗaya: katin asibiti, takardar turawa, sakamakon gwaje-gwajen jini, da tarin takardun isiji, gwajin da ke zana bugun zuciya a takarda, waɗanda duk abu ɗaya suke faɗa, wai zuciyata lafiya lau. A saman su na ɗora guda ɗaya tilo da ta sha bamban, wadda aka ciro a sashen gaggawa watan jiya, daren da gudun zuciyata ya ƙi tsayawa. Yaya ce ta raka ni. A hanya ba mu yi wata magana ba, sai ta riƙa cewa, "Ki faɗa masa komai, kada ki rage."

Shekaru ke nan ina fama da wannan abu. Ina zaune ƙalau, ko ina sunkuyawa in ɗauki wani abu, sai farat ɗaya zuciya ta ɗauki gudu. Ba a hankali take hawa ba yadda take yi idan mutum ya hau bene. Bugun babban mutum da ke hutawa tsakanin 60 ne zuwa 100 a minti, nawa kuwa yana haura 180. Jiri ya kama ni, gumi ya keto, numfashi ya koma sama-sama. Can kuma sai gudun ya tsaya cak, zuciyar ta koma daidai. Kafin in isa asibiti ya wuce, a manna mini wayoyi a ƙirji, takarda ta fito tsaf, a ce, "Malama, damuwa ce, ki rage tunani." Ba na ganin laifinsu gaba ɗaya, domin isiji na kusan daƙiƙa 10 kawai yake ɗauka, kuma abin da bai faru a gaban na'ura ba, ba za ta rubuta shi ba. Har na'urar Holter an taɓa rataya mini, mai naɗar bugu na awa 24, ranar ko gezau zuciyar ba ta yi ba. Amma akwai ciwo a ce maka tsoro ne ke kawo bugun, alhali kai ka san bugun ne ke kawo tsoron. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mun daɗe a layi. Nas ta auna jini da nauyi, aka sake yin isiji, ya sake fitowa lafiya.

Likitan da na gani ba likitan zuciya ba ne kawai. A cikin likitocin zuciyar ma akwai waɗanda suka keɓanta da lantarkinta, kuma shi ɗaya ne daga cikinsu. Bai fara da takardu ba. Ya ce, "Hajiya, ba ni labarin yadda yake farawa da yadda yake ƙarewa." Na faɗa masa. Ya tambaya ko ina jin bugun a wuya. Na ce sosai, har Yaya ta taɓa ganin jijiyar wuyana tana harbawa. Sai ya ce, "Bayan ya tsaya, kina yawan jin fitsari?" Nan na yi shiru ina kallonsa. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba, don ban ɗauka yana da alaƙa ba. Ya ce idan ɗakunan zuciya na sama suka takura, sukan saki wani sinadari da ke sa ƙoda ta fitar da ruwa. Hawaye suka zo mini, wallahi. A karon farko ina gaban wanda ya san ciwon tun kafin in gama bayani.

Daga nan ya ɗauki takardar daren gaggawa, ya shimfiɗa ta a tebur, ya daɗe yana bin ta da bakin biro. Ya ce wannan ɗayar ta fi sauran duka amfani. Bugun yana da sauri amma a jere yake, tazararsa ɗaya. Wannan ya bambanta shi da wani nau'in da bugu ke hargitsewa babu tsari, wanda ke iya sa jini ya daskare a zuciya ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Abin da na fi tsoro ke nan tun da na fara karance-karance, kuma ya ce ba shi ne a takardata ba. A fayil ya rubuta haruffa uku, SVT, wato saurin bugu da ke tasowa daga ɓangaren sama na zuciya.

Sai ya juya wata takarda ya zana zuciya mai ɗakuna huɗu. A saman ɗakin dama akwai wani ɗan wuri da ke haifar da lantarkin kowane bugu. Saƙon yana gangarowa zuwa wata mahaɗa a tsakiya, ya ɗan dakata, sannan ya wuce ɗakunan ƙasa su matso jini. Ya ce a wasu mutane, a wannan mahaɗar hanya biyu ce, ɗaya mai sauri, ɗaya mai nawa. Idan wani bugu ya yi riga-malam-masallaci, sai saƙon ya sauka ta ɗaya ya hau ta ɗayar, ya yi ta zagaye, kuma kowane zagaye bugu ne. Shi ya sa yake farawa nan take ya tsaya nan take. Ya ce alamu sun fi nuna wannan ne nawa, amma tabbaci sai an shiga ciki an gwada.

Na tambaye shi allurar da aka yi mini daren nan, wadda ta sa na ji ƙirjina ya danne har na fara salati. Ya ce adenosin ce, tana toshe mahaɗar na 'yan daƙiƙu don zagayen ya katse, kuma jiki na cinye rabinta cikin ƙasa da daƙiƙa 10. Da an gaya mini haka kafin a tura ta, da firgicin ya ragu da rabi. Ina ganin haƙƙin mara lafiya ne a faɗa masa, ko da a cikin gaggawa ne.

Ya koya mini dabarar tsayar da shi a gida. In zauna a jingine, in hura bakin sirinji mai cin mililita 10 da ƙarfi har sandarsa ta motsa, na daƙiƙa 15, sannan nan da nan in kwanta rigingine a ɗaga mini ƙafafu na wasu daƙiƙa 15. Ya ce a wani bincike da aka wallafa a Ingila a 2015, wannan salon ya dawo da bugun mutum 43 cikin 100, tsohon salon hurawa kawai kuma 17. Yaya ta gwada ɗaga ƙafafun a gabansa har ya ce ta iya. Ya gargaɗe mu kada kowa ya murza mini jijiyar wuya a gida, aikin likita ne. Idan kuma na suma, ko ƙirji ya yi ciwo, ko numfashi ya gagara, ko ya ƙi tsayawa, babu jira, sai sashen gaggawa, kuma in roƙi a ba ni kwafin isijin kafin a yi allura.

Zaɓi biyu ya ajiye mini. Ko ƙwaya kullum mai rage gudun zuciya, wadda ke rage tasowar abin amma ba ta kawar da hanyar, kuma takan kawo kasala. Ko kuma a zura siraran wayoyi ta jijiyar matsematsi har cikin zuciya, a tayar da bugun da gangan, a gano hanyar mai nawa, a ƙona ta da zafi ko a daskarar da ita. Ba a tsaga ƙirji. A irin nawa ana dacewa fiye da kashi 95 cikin 100. Bai ɓoye haɗarin ba: wurin yana dab da hanyar asali, kuma a ƙasa da mutum 1 cikin 100 takan taɓu, har sai an dasa wa mutum na'urar daidaita bugu ta dindindin. Yaya ta ce, "Likita, da ƙanwarka ce fa?" Ya ce zai gaya mata abin da ya gaya mini, ya bar ta ta zaɓa. Na so ya yanke mini, amma na ga gaskiyarsa.

Kafin nan akwai hoton zuciya don a duba ƙofofinta da ƙarfin matsawarta, da gwajin jini na tayirod da fotasiyam. Ya rubuta mini ƙwayar in fara sha.

Da yamma na kira Umma. Tana jin an ce waya a cikin zuciya ta ce, "A'a, 'yar nan, a bar wa Allah." Na ce, "Umma, ai neman maganin ma cikin barin wa Allah ne." Ba ta amsa ba, amma ba ta kashe wayar ba, ta ce in sake maimaita mata yadda ake yi, a hankali.

Ni dai raina ya karkata ga aikin. Na gaji da lissafin nisan asibiti duk inda zan je, na gaji da tsoron zama ni kaɗai da yara. Gobe in sha Allah zan koma a ɗebi jinin, Yaya kuma za ta je wajen Umma da zanen da likita ya yi, don ta fi ni iya lallashinta.