Kwamfuta, cire hannunki daga sautin nan

Na sayi ƙaramin akwatin sauti na USB ne saboda rami ɗaya tak da ke bayansa, na optikal ɗin nan mai fitar da jan haske. Amfilifayata tana da lasifika biyar da ta bas ɗaya, kwamfutata kuwa ba ta da inda zan jona ta. Na ɗauka aikin minti biyar ne. Dare biyu ya ci mini.

A daren farko na saka fim mai sautin Dolby Digital, wato tsarin sautin fim mai tashoshi shida, ɗaya ga kowace lasifika, na umarci manhajar kallo da ta tura sautin yadda yake. Sai wata ƙara mai kaifi, shhhh, ta cika ɗakin, kamar rediyon da ya ɓata tasha kuma aka ƙure shi. Na yi wuf na kashe amfilifayar, gabana na faɗuwa kada lasifikan su ƙone. Na zargi waya, na sauya. Shiru kake ji, wato dai shhhh ɗin ce ta dawo.

Sai da na zauna na fahimci abin da ke bi ta cikin wayar. Hanyar S/PDIF, wato tsarin da ramin optikal ke tura sauti da shi, wadda Sony da Philips suka fito da ita, an yi ta ne don tashoshi biyu kacal, hagu da dama. Samfurin sauti 48,000 a daƙiƙa, kowanne lamba ce mai bit 16, tashoshi 2: bit 1,536,000 ke nan a daƙiƙa. Tashoshi shida ba za su shiga nan a buɗe ba. Amma Dolby Digital matsattse ne, ba ya wuce kilobit 640 a daƙiƙa, shi kuma DTS, wani tsarin irinsa, yana kaiwa kusan megabit 1.5. Don haka ƙa'idar IEC 61937 ta tanadi dabara: a naɗe matsattsen sautin, a sa masa rigar sitiriyo, a tura. Amfilifaya ce ke gane alamar da ke kan ƙunshin ta kwance shi.

To a nan kuskurena yake. Akwatina yana bayyana kansa a matsayin sitiriyo zalla, saboda haka ƙunshin ya bi ta mahaɗar sautin kwamfuta kamar kowane kiɗa. Na bar ƙara, wato ƙarfin sauti, a kashi 80, mahaɗar kuma tana kan samfuri 44,100 a daƙiƙa maimakon 48,000. Rage ƙara na nufin sauya kowace lamba, lambobin nan kuwa ba kiɗa ba ne, saƙo ne a rufe. Da an taɓa su, alamar ta ɓace, amfilifaya sai ta rera su haka nan a matsayin sauti.

Gyaran bai kai wahalar nemansa ba. Na mayar da ƙara 100, na saita 48,000, na kashe duk wani kayan ƙawata sauti, na ba manhajar damar riƙe akwatin ita kaɗai ta WASAPI, wato hanyar sauti ta Windows, yadda ko ƙarar shigowar saƙo ba za ta cusa kai ba. Nan take kalmar Dolby ta haska a fuskar amfilifayar, ruwan sama na cikin fim ɗin ya fara zuba ta bayan kujerata.

Akwai inda hanyar ta tsaya. Dolby TrueHD da DTS-HD Master Audio, tsare-tsaren da suka fi na baya nauyi, sun fi ƙarfin optikal, sai HDMI, ko da yake na biyun yana ɗauke da DTS na asali a cikinsa, shi yana wucewa lafiya. Wasannin kwamfuta kuwa har yanzu sitiriyo nake ji, tunda akwatina ba ya matse sauti nan take. Maɓallin ƙara na kwamfutar ma ya daina aiki a lokacin fim, sai rimot ɗin amfilifaya, wanda yanzu nake fara saukar da shi ƙasa kafin in gwada kowane sabon fayil.