Wata biyu ina sayen kayan miya na udwi a Jidda

Tun da likita yace maigida ya rage maiƙo ya yawaita ganye na ɗauki abin da zafi. Maƙwabciyata ce, wata 'yar Sudan, ta fara nuna min kayan udwi, wato oganik, waɗanda ba a sa musu takin zamani ba, ba a kuma yi musu feshin maganin ƙwari irin na kamfani ba. A manyan kantuna gefensu daban, kowane ƙunshi da tambarinsa.

Wata biyu cur na daina aiken yara halaga, wato babbar kasuwar sarin kayan miya. Wallahi aljihu ya ji jiki, ɗan ƙunshin tumatir da bai isa miyar kwana biyu ba kuɗinsa ya kusa na kwali guda a halaga, mu kuma mu tara ne a gida, sai na wayi gari ina ƙirga tumatir kafin in jefa a tukunya, miya ta koma tsululu, salak ɗin da muke ci kullum ya koma sau biyu a sati. Abin ya dame ni sosai, domin ganyen da na tashi ƙarawa shi ne ya ragu.

Babbar 'yata da ke karatun jinya ta zaunar da ni tace "Umma, bari in nuna miki." A 2012 masana a jami'ar Stanford ta Amurka sun duba bincike 237, ba su ga wani bambanci na a zo a gani ba wajen bitamin, amma na oganik ɗin sun fi ƙarancin ragowar maganin feshi. A 2014 kuma na jami'ar Newcastle a Ingila suka haɗa bincike 343, suka ce na oganik sun fi sinadaran da ke kare ƙwayoyin jiki, kuma ƙarfen kadmiyom mai illa ga jiki ya fi ƙaranci a cikinsu. Kenan akwai amfani, amma ba wai tumatir ɗin halaga fanko bane.

Nan na tuna gonar kakanmu a ƙauye, Fulani su kwana da shanu bayan girbi su bar kashi, shi ne takin. Ba wanda ya taɓa sa masa suna.

A baki kuwa, gaskiya jarjir, wani ganyen salak, da na'ana'a na udwi sun fi ƙamshi. Albasa da dankali ban ji komai ba. Abin da ya fi ba ni mamaki kuɓewa ce, wadda aka sauke da asuba a halaga, kana karya bakinta kaji ƙas, ta fi ta kanti da ta kwana a firji yauƙi nesa ba kusa ba.

Yanzu ganyen da muke ci ɗanye kawai nake saye na udwi, shi ma sai na wanke shi tas a ƙarƙashin famfo saboda takin dabbobi. Sauran kuwa ranar Asabar da sassafe Abba ke ɗauko min kwali kwali, miya ta dawo da kaurinta, salak ma kullum yana kan faranti.