Sai da muka gwada sau biyu kafin mu koma sabuwar manhaja

Shagon kawuna ne a kusa da kasuwar Gujungu, taki muke sayarwa da iri da maganin feshi, ni ke riƙe da kwamfutar lissafi. Da masu manhajar suka ce tsohuwar ta tashi aiki sai mun koma sabuwa, yaron da suka turo daga Kano cewa ya yi minti talatin ya ishe shi. Na ce a'a ɗan'uwa, bashin manoma ne a ciki fa, mutane sun ɗebi taki tun farkon damina sai kaka za su biya, amana ce wannan.

Sai muka kwafi komai a filash muka zuba a wata tsohuwar laftof, a nan aka ɗora sabuwar, ta shago ko taɓa ta ba mu yi ba. Daren Talata bayan isha'i na ɗauko littafin rasit na Lahadin da ta wuce, ranar kasuwa kenan, ƙanena yana karanto ciniki ɗaya bayan ɗaya ni kuma ina shigarwa kamar mai sayen na tsaye a gabana.

Tun a rasit na bakwai matsala ta fito. Buhun yuriya kilo 50 ne, amma mukan farke buhu mu auna wa mai ƙaramin ƙarfi da kwano, tsohuwar an saita ta a kan haka, sabuwar kuwa kwano ɗaya ka sayar sai ta cire buhu guda daga sito, kafin mu gama shafi biyu ta ce yuriya ta ƙare alhali ga ta nan jibge a bayana.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne bashin. Muna da mutum uku suna ɗaya, sunan uba ɗaya, da ƙauyensu muke bambance su, kuma a gurbin ƙarin bayani na rubuta ƙauyen. Ashe gurbin nan bai biyo ba wajen kwaso bayanan, sai ta haɗe su mutum guda ta ɗora masa buhu 14. Kawu na kan tabarma yana jan carbi ya ce, "Kai, da ka kai wa bawan Allah wannan lissafin, da wane ido zan kalle shi?" Wallahi gumi ne ya karyo min.

Muka sa wa kowane manomi lambar wayarsa, aka gyara ma'auni, muka sake gwaji daga farko ranar Alhamis. A wannan karon da gangan na kashe data a tsakiyar ciniki don na san halin netwok ɗinmu ranar kasuwa, rasit ya fita lafiya, da na kunna kuma komai ya hau. Na duba agogo, kwashewar da tantancewa awa uku suka ci.

Shi ya sa ba mu koma sabuwar a ranar Asabar, jajibirin kasuwa, ba, muka bari sai daren Litinin bayan kasuwar Lahadi ta watse, muka ƙirga buhuna da hannu tukuna. Filash ɗin tsohon lissafin yana cikin durowar Kawu, ya ce ba mai goge shi sai kowa ya biya bashinsa da kaka.