Matakan buri a COBIT 2019: abin da mai shirin jarrabawar CGEIT ke yawan rikitawa

Masu aikin kwamfuta a bankuna da kamfanonin aika kuɗi na Maradi, in suka fara shirin CGEIT, jarrabawar ƙungiyar ISACA kan jagorancin fasahar sadarwa a ma'aikata, sukan ɗauka aikin hadda ne. Tambayoyi 150 ne cikin awa 4, makin yana tsakanin 200 da 800, ana ci da 450. Kashi 40 cikin ɗari na tambayoyin kan jagoranci ne, kashi 26 kan cin moriyar jarin da aka zuba. A waɗannan ɓangarori biyu maganar buri ke ta dawowa, kuma abin da ake gwadawa shi ne ko ka gane burin da ke gabanka na wane mataki ne, kuma wa ke da alhakinsa.

A COBIT 2019, tsarin da ISACA ta fitar don jagorancin fasaha a ma'aikata, matakan burin huɗu ne, daga sama suke gangarowa. Na farko buƙatun masu ruwa da tsaki: masu hannun jari, abokan ciniki, hukumomin da ke sa ido. Daga nan ake fitar da burin ma'aikata, guda 13, masu lamba EG01 zuwa EG13. Ƙarƙashinsu akwai burin daidaitawa, su ma 13, AG01 zuwa AG13, wato abin da fasaha za ta cika don burin ma'aikata ya tabbata. A ƙasa kuma manufofin jagoranci da gudanarwa guda 40, a rukuni biyar: EDM (tantancewa, ba da umarni da sa ido) 5, APO (tsarawa) 14, BAI (ginawa da aiwatarwa) 11, DSS (ba da hidima da tallafi) 6, MEA (bibiya da aunawa) 4. EDM kaɗai ne na majalisar daraktoci, sauran 35 na shugabannin gudanarwa ne.

A kula da littafin da ake karatu da shi. COBIT 5 na 2012 yana da burin ma'aikata 17, burin fasaha 17 da tsare-tsaren aiki 37, kuma takardunsa na nan birjik a intanet da wayoyin mutane. Wanda ya haddace 17 ya shiga jarrabawar matakin farko ta COBIT 2019, wadda daban take da CGEIT, mai tambayoyi 75 da ake ci da kashi 65 cikin ɗari, ya zubar da makin da ba ya buƙatar tunani.

Ga misali daga gida. Kamfanin aika kuɗi yana da rassa a Maradi, Tasawa da Ɗan Isa. Ɗan kasuwa yana son kuɗin kayansa su isa yau, ko kuran ya ɗauke ko rezo ya yi rauni. Wannan buƙata ce. Kamfanin ya mai da ita EG06, ɗorewar hidima da samuwarta. A matakin fasaha ta zama AG07, tsaron bayanai da na'urori da manhajoji, sai ta sauka kan DSS04, shirin ci gaba da aiki idan matsala ta auku. Sayen gurup ko faranten hasken rana, da ɗaukar layin intanet na biyu, duk ayyuka ne da ke zuwa bayan wannan. In tambaya ta ce me ya kamata a fara yi, kuma cikin amsoshin akwai sayen na'ura, kusan kullum tarko ne. Ma'aikacin fasaha hannunsa kan gyara yake tafiya, shi ya sa yake faɗawa ciki. Amsar da ake so ita ce wadda ta fi kusa da saman tsanin.

Kowane rukunin 13 an raba shi fuska huɗu bisa ma'aunin da Kaplan da Norton suka fitar a 1992: kuɗi, abokin ciniki, aikin cikin gida, sai koyo da bunƙasa. Rabon bai bin yadda hankali zai fara zato. Bin dokokin waje, EG03, yana fuskar kuɗi, domin karya ƙa'idar BCEAO, babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, ko dokar kare bayanan mutane tara take jawowa. Bin ƙa'idojin da ma'aikata ta kafa wa kanta, EG11, yana fuskar cikin gida. Ingancin bayanan kuɗi, EG04, na fuskar kuɗi ne, amma ingancin bayanan gudanarwa, EG07, an sa shi a fuskar abokin ciniki, tare da EG06 da muka ambata. A ganina waɗannan huɗun sun cancanci a rubuta su a takarda guda a riƙa dubawa.

Akwai kuma tagwaye. EG02 kula da haɗarin kasuwanci ne baki ɗaya, AG02 haɗarin da ya shafi fasaha kawai. Haka EG03 da AG01, haka EG11 da AG11. Hanyar bambancewa: cire kwamfuta daga jimlar. In burin ya tsaya da ƙafarsa, na ma'aikata ne. In ya rushe, na daidaitawa ne.

Teburan da ke haɗa mataki da mataki suna amfani da P ga alaƙa mai ƙarfi, S ga mai bi mata. Haddace su duka ɓata lokaci ne. Ya fi amfani ka zaɓi buri uku, misali EG02, EG06 da EG12 (tafiyar da shirye-shiryen sauyi zuwa fasahar zamani), ka bi kowanne da biro har ƙasa, sannan ka hau daga ƙasa zuwa sama. Buri guda na iya rataya ga manufofi da dama, manufa guda kuma ta yi wa buri da yawa hidima. Teburan jagora ne, kowace ma'aikata tana daidaita su da halinta.

Sai ma'auni. Yawan awannin da abokan ciniki suka rasa hidima a wata yana auna sakamako, bayan abin ya riga ya faru. Yawan rassan da suka gwada shirin gaggawarsu a bana yana nuna inda aka dosa tun kafin a isa. Idan tambaya ta nemi shaidar cewa buri ya cika, ɗauki na farko. Idan gargaɗin wuri take nema, na biyu ne amsa.