Haƙori ɗaya ya ɗaga aikin Alhamis

Talata. Koko da ƙosai a Nima ta Accra, na samu mota ba jira, har da waƙa nake a hanya.

A asibiti, fayil ɗin Baba mai goro, wanda za a yi wa aikin canjin ƙofar zuciya ranar Alhamis, ya cika tsaf. Eko, wato hoton zuciya, ta nuna ƙofar mitral, ɗaya daga ƙofofin cikin zuciya, ta tsuke zuwa murabba'in santimita 1.1, alhali daga 1.5 zuwa ƙasa ake cewa ta yi tsanani. Ƙarfin da zuciyar ke turo jini kashi 58 cikin 100, lafiya lau. Tunda namiji ne da ya haura 40, an zuba rini an leƙa jijiyoyin zuciya, babu toshewa. Ƙoda, yawan jini, sikila, duk an duba. An dakatar da warfarin, maganin tsinka jini, kwana 5 kafin aiki, ana riƙe shi da allurar heparin, ita ma ta tsinka jini, har INR, awon daskarewar jini, ta sauko ƙasa da 1.5.

Sai na ce ya buɗe baki. Turmin ƙasa na hagu ya rube, dasashi ya kumbura, ina dannawa mugunya ta ɓullo.

"'Yata, zuciya na kawo a gyara. Me ya haɗa ta da haƙori?"

Na ce, "Baba, duk taunar da kuka yi, ƙwayoyin cutar wurin nan suna shiga jini. Sabuwar ƙofa kuwa ƙarfe ce, ba jijiyar jini a jikinta da za ta kai mata magani. In suka zauna a bakin ɗinkin, allura ce ta sati 6, wani lokaci sai an sake tsaga ƙirji an cire ta."

"To a cire haƙorin yau."

Za a cire gobe, amma ana son wajen sati 2 ramin ya warke. Zai koma kan warfarin, a sake lissafin kwana 5 daga farko, a sake gwada jininsa da na ajiya.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Yatsu kawai ya shiga lanƙwasawa, yana ƙirga kuɗin masauki a Sabon Zango da 'ya'yansa uku da suka bar kasuwa a Kumasi suka zo ba da jini. Sati 3 yana zarya, kowa na sa masa abin saurare a ƙirji, har da ni, ba wanda ya ce ya buɗe baki. Tocila ce fa da minti ɗaya.

Mma ta ajiye min tuwo. Yana nan a rufe.