Suƙutra, tsibirin da itatuwansa ke tsufa babu magada

Ranar da na fara ganin hoton itacen nan na ɗauka aikin mai zane ne, domin kansa a shimfiɗe yake kamar lema, rassansa kuwa sun cure a ƙarƙashi tamkar saƙar kwando. Larabawa suna kiransa damul akhawaini, wato jinin 'yan'uwa biyu, saboda jan ƙaron da ke tsattsafowa idan aka tsaga ɓawonsa, kuma babu inda yake tsirowa da kansa sai tsibirin Suƙutra na ƙasar Yaman.

Tsibirin yana cikin Tekun Indiya, kimanin kilomita 240 gabas da ƙuryar Somaliya, kuma ya fi kusa da Afirka a kan ƙasar da ke mulkinsa. Daga Yuni zuwa Satumba iska mai ƙarfi takan hana jiragen ruwa kusantar gaɓarsa. Wannan kaɗaici ne ya sa fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsirransa, waɗanda suka haura iri 800, ba a samunsu a ko'ina, har hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren gadon duniya a 2008. Akwai ma 'yar'uwar kariyar da muke shinge da ita, sai dai tasu gindinta ya kumbura kamar randa, tana fid da furanni a kan dutse tsura.

Tun zamani mai nisa fatake suke zuwa sayen lubban da wannan ƙaro, har wasu matuƙan jirage daga Indiya suka bar rubutunsu a bangon kogon Hoƙ. Turawan Fotugal sun kama tsibirin a 1507, suka bar shi a 1511. Daga baya ya zauna a hannun sarakunan Mahra, wani yanki na gabashin Yaman, Ingila ta shimfiɗa masa kariyarta a 1886, sannan ya shiga Yaman ta Kudu a 1967. Duk da wannan kai da kawo, mutanensa sun riƙe harshensu na Suƙutri, wanda ba Larabci ba ne.

Abin da ya fi damuna shi ne halin da itacen yake ciki. Lemar tasa takan kama hazon da ke sauka a tsaunukan Hajhir, ruwan ya ɗiga a gindinsa, inuwarsa ta kare ƙananan tsirrai. Amma awaki suna cinye kowane tsiro kafin ya yi ƙwari, kuma ba zan ga laifin makiyayin da akuya ce dukiyarsa ba. A Nuwamba 2015 guguwa biyu, Chapala da Megh, suka afka wa tsibirin cikin kwanaki kaɗan, suka tumɓuke tsofaffin itatuwa masu yawa. Yanzu wasu mazauna tsibirin suna renon 'ya'yan itacen a cikin shingen da akuya ba za ta tsallaka ba, alhali sun san girmansa na da nawa ƙwarai, sai jikokinsu ne za su ga lemarsa ta buɗe.