In Gaban Babbar Mota Na Rawa, Tambayi Direba Kafin Ka Ɗauki Sifana

Ƙannena masu koyon gyaran manyan motoci a garejojin Katsina da Daura, in direba ya ce sitiyari na rawa a hannunsa, ku fara tambayarsa: yaushe take yi? Amsarsa rabin aiki ce.

In sai ya kai wani gudu take farawa, in ya ƙara wuta ko ya rage ta lafa, to ku nufi taya da rim, wato ƙarfen da taya ke zaune a kansa. In sai ya faɗa rami take kamawa, ba ta daina ba sai ya rage gudu sosai, akwai abin da ya saki a ƙasa. In kuwa sai ya taka burki ne, ku duba dirom, wato gangar ƙarfen da burki ke kamawa a cikin taya.

Ni ina ƙarami ban yi wannan tambayar ba. Aka kawo wata DAF mai jigilar siminti, na sa mai ita ya sayi sababbin tayarod, wato sandunan da ke haɗa tayoyin gaba su juya tare. Ta hau hanyar Kano, ta dawo da rawarta. Na ce akwatin sitiyari ne, aka canza, rawa na nan. Sai maigidana ya ɗaga gaban da jak, ya riƙe alli dab da bakin rim, ya ce in juya tayar. Allin ya shafi gefe guda, ya bar sauran fes. Rim ne ya lanƙwashe. Har yau kuɗin bawan Allahn nan na damuna, don bashi ya ci ya sayi akwatin.

Saboda haka ku fara da mai arha. Ku auna iska tun taya na da sanyi, ku taɓa notocin taya, ku shafa bayanta da tafin hannu ko ta ci tudu da kwari. Da damina har busasshen laka da ya maƙale cikin rim yana sa rawa.

Tayarod da sandar da ke zuwa daga akwatin sitiyari, mota na ƙasa ake duba su. Yaron mota ya riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama, kai kana ƙasa, hannunka a kan kowace mahaɗa. Wadda ta ci za ka ji tana ƙwas-ƙwas. Kana nan ka leƙa bushin sifirin da notocin da suka ɗaure sifirin da gatari, wato ƙarfen da ke ɗauke da tayoyin gaba.

Kinfin kuma, wato ƙusar da tayar gaba ke juyawa a kanta in an murɗa sitiyari, sai an ɗaga gaban motar. Ka zura ƙarfe ƙarƙashin taya ka ɗaga. In ta yi wasa, a taka burki ka sake: in wasan ya ɓace boris ne, in yana nan kinfin ne. Don Allah kada ka shiga ƙarƙashi jak kaɗai na riƙe da mota, sai ka tokare ta da ƙarfen tokari, ka sa wa tayoyin baya waigi.

Alaimen, wato saita tayoyin gaba, shi ne na ƙarshe. Muddin akwai abin da ke wasa a gaban, in an saita yau, gobe ya goce.